Baƙo ya turo maka kod ya ce “gyara min”: wace ƙa'ida kuke bi?

mai_kwamit
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya ga masu rubuta manhaja a cikinmu. Duk wanda ya ɗora kod a GitHub, wato dandalin ajiyewa da raba kod, ko ya amsa tambaya biyu uku a wani dandali, ya san abin da ke biyo baya: saƙonni ta akwatin sirri daga mutanen da bai taɓa sani ba. Wani zai ce “Yaya, kod ɗina ba ya aiki”, ya haɗo da hoton allon kwamfuta da ya ɗauka da waya. Wani ya turo fayil ɗin zip ya ce a buɗe a duba. Wani kuma “Salam” kawai zai rubuta, ya yi shiru sai an amsa. Ra'ayina shi ne kada a amsa tambayar kod ta saƙon sirri ko kaɗan, a ce wa mutum ya kai ta fili inda kowa zai gani. Na san wasu za su ce wannan rowar ilimi ce. To ku da kuka daɗe a harkar, me ake amsawa, me ake ƙi, kuma da wane lafazi?

Hajjo_py
Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Malam, kuma ba rowa ba ce. Amsar da aka bayar a ɓoye mutum ɗaya take yi wa amfani, sau ɗaya. Wadda aka bayar a fili, gobe wani zai kwafi saƙon kuskuren ya saka a Google ya tarar da ita. A kan wannan tunanin aka kafa Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, a 2008. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: a saƙon sirri in ka yi kuskure babu mai gyara maka. Sai ka ce wa mutum ya goge folda kaza, ashe a tsarinsa bayanansa ne a ciki, kuma babu na uku da zai ce ku dakata.

A tanadi amsa guda a ajiye, ana kwafa ana liƙawa: “Sannu ɗan'uwa. Ba na duba kod ta saƙon sirri, amma in ka rubuta tambayar a wuri kaza ka turo min mahaɗin, zan leƙa in na samu sarari. Ka saka saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce, da sigar yaren da kake aiki da ita, da abin da ka riga ka gwada.” A kula da “in na samu sarari”. Kada a rubuta “zan duba da dare”, domin da daren zai dawo, kuma yana da gaskiya tunda an yi masa alƙawari.

sabon_shiga
Malama Hajjo, a yi min afuwa in sa baki duk da ni ɗalibi ne. Mai koyo ba raini ke kai shi saƙon sirri ba, kunya ce da tsoro. A fili sai a rufe tambayarsa a ce an taɓa yin irinta, ko a ce ya je ya karanta takardun bayani, alhali shi bai ma san sunan matsalarsa ba balle ya nemo ta. Kuma yawancin wuraren nan da Turanci ake tambaya. In kowane gwani ya rufe ƙofarsa, ina zai nufa?

Malam_Linux
Ƙanena, maganarka tana kan hanya, kuma matambayi ba ya ɓata. Sai dai “kai ta fili” ba Stack Overflow kaɗai ake nufi ba. Can rumbun amsoshi suke ginawa, shi ya sa suke rufe tambayar da aka maimaita. Ba aji ba ne. Mai koyo a tura shi inda aka buɗe domin masu koyo: sashen neman taimako na dandalin Python, ko dandalin freeCodeCamp, ko zaure irin wannan inda zai yi tambayarsa da Hausa. Korar mutum daban, nuna masa hanya daban. Wanda ya tura shi ya ambaci wurin da sunansa, kuma in ya rubuta tambayar ya yi ƙoƙari ya zama shi ne farkon mai amsawa, domin amsar farko ita ke nuna wa saura yadda za su yi masa magana.

Abu ɗaya kuma da ba ya cin minti guda: ka ba shi sunan matsalarsa. Ka ce “wannan da burauza ke nuna maka ana kiransa CORS, kuma a saba (server) ake gyara shi, ba a shafin ba.” Ko ba ka ƙara komai ba, ka ba shi abin da zai nema.

dan_kernel
A ɗan jingine batun ladabi, akwai wanda ya fi shi gaggawa: zip ɗin nan da mai_kwamit ya ambata. Kada a buɗe shi a kwamfutar aiki. Mutane suna zaton sai ka ba da umarni kod yake tashi, alhali yana iya tashi tun ba ka karanta layi ɗaya ba. A editan VS Code, wato manhajar rubuta kod, fayil ɗin `.vscode/tasks.json` yana iya ɗauke da aikin da aka sa wa `"runOn": "folderOpen"`, wato da buɗe foldar ya fara gudana. Shi ya sa tun 2021 editan yake tambaya ko ka amince da masu foldar. Ga kod ɗin baƙo amsar ita ce a'a, ka zauna a Restricted Mode ka yi karatu kawai. A Python, `pip install`, wato umarnin girka ƙunshin kod na wasu, in ƙunshin ba a riga an gina shi ba yana gudanar da `setup.py` na mai ƙunshin. Fayil ɗin pickle kuwa, wanda Python ke ajiye bayanai a ciki, loda shi kaɗai ya isa ya gudanar da umarni a kwamfutarka, takardun Python da kansu sun ja kunne a kai.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A Janairun 2021 sashen binciken barazana na Google ya fallasa wani shiri da ya danganta da masu kutse da gwamnatin Koriya ta Arewa ke mara wa baya. Sun buɗe asusu a Twitter da shafin rubuce-rubuce kamar masu binciken tsaro, suna tuntuɓar ƙwararru su ce a haɗa kai a duba wani rauni, sai su turo aikin Visual Studio. Da an gina aikin, ɓoyayyen umarni ya tayar da wani fayil ɗin DLL na leƙen asiri. Waɗanda aka yi wa tarkon masana tsaro ne, ba 'yan koyo ba.

Zee.js
Ƙari a kan na dan_kernel ta ɓangaren JavaScript. `npm install` yana gudanar da duk abin da ke cikin `preinstall` da `postinstall`, na aikin kansa da na ƙunshin da ya dogara da su. Saboda haka a fara buɗe `package.json` da ido, a karanta sashen `scripts`, a duba sunayen ƙunshi ko akwai wanda aka sauya wa harafi ɗaya don ya yi kama da sananne. In dole sai an girka, `npm install --ignore-scripts`. Amma kada wannan ya sa a saki jiki, domin `npm start` zai gudanar da kod ɗin duk da haka. Sukan ɓoye mugun layin a fayil ɗin saiti da ba wanda ke karantawa, ko su tura shi can dama bayan dogon fili, inda ba ya fitowa a allo sai ka ja gefe.

A Nuwamban 2023 masu bincike na Unit 42 na kamfanin Palo Alto Networks sun bayyana shirin da suka kira Contagious Interview: masu kutse suna zuwa a matsayin masu ɗaukar aiki, su ba ka “gwaji” a GitHub ka sauke ka gudanar. Abin da ake nema shi ne kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza da bayanan jakar kuɗin kirifto. “Taya ni duba wannan kuskuren” da “ga gwajin ɗaukar aiki” ƙofa ɗaya suke bi.

Garba_saba
Ko `git clone` ma, wato kwaso kwafin aiki daga ma'ajiyarsa, a yi hattara da shi, tunda hooks na Git, ƙananan umarnin da ake ɗaura wa ma'ajiya, suna gudana da kansu.

dan_kernel
Ɗan gyara, Malam Garba. `git clone` ba ya kwaso hooks, ba ya kwaso `.git/config` na wancan ɓangaren, da gangan aka tsara shi haka. Hatsarin yana wurin zip ɗin da ya zo da foldar `.git` a cikinsa. Nan mai turowa shi ya rubuta saitin, kuma zai iya sa umarninsa a `core.fsmonitor`, wanda ke tashi da an yi `git status`. Editoci da yawa, da taminal ɗin da ke nuna sunan reshe, suna kiran Git da kansu da ka shiga foldar. Kariyar `safe.directory` da Git ya ƙara a 2022 ba ta tare wannan, domin ita tana duba ko foldar ta wani mai asusu ce daban, zip ɗin da ka kwance da hannunka kuwa naka ne. To in zip ne, a duba jerin abin da ke ciki da `unzip -l` kafin a kwance, in akwai `.git` a cire ta.

Garba_saba
Na karɓi gyara, Allah Ya ƙara sani. To in mutum ya ga lallai yana son ya gwada, a ina zai gudanar?

dan_kernel
Kwamfutar cikin kwamfuta, irin ta VirtualBox. Ka ɗauki hoton yanayinta tana da tsabta, ka kashe foldar haɗin gwiwa da kwafe-da-liƙa tsakaninta da uwar kwamfutar, ka girka abin da ake buƙata, ka cire mata intanet, sannan ka gudanar. Ka gama ka mayar da ita hoton farko. Kada ka shiga imel ko GitHub ɗinka a cikinta. Masu Windows Pro suna da Windows Sandbox, wanda ke goge komai da an rufe shi, sai dai intanet ɗinsa a kunne yake zuwa sai ka kashe ta fayil ɗin `.wsb`, kuma babu shi a Windows Home. Docker, mai killace kod a cikin kwantena, ya fi babu: `docker run --rm -it --network none`, ka haɗa foldar aikin kaɗai da `:ro`. Kada ka haɗa foldarka ta gida inda `.ssh` yake, kada `--privileged`, kada `docker.sock`. Kuma a Linux kwantena da uwar kwamfuta kernel ɗaya suke amfani da shi, katangar ba ta kai ta VirtualBox kauri ba.

Ummi_QA
Duk wannan wahalar tana raguwa in aka ƙi karɓar aiki sukutum tun farko. Abin da ake nema wurin mai tambaya shi ne ɗan misalin da ke nuna matsalar, layi ashirin zuwa talatin, wanda za a karanta da ido ba sai an gudanar ba. Yawancin masu koyo ba su san yadda ake fitar da shi ba, don haka a koya musu a saƙo ɗaya. Ka kwafi aikin zuwa sabuwar folda. Ka goge rabinsa, ka gudanar. In kuskuren yana nan, ka sake goge rabin abin da ya rage. In ya ɓace, ka dawo da abin da ka goge ka goge ɗaya rabin. Inda ake karanto bayani daga rumbun bayanai ko daga intanet, ka maye gurbinsa da layi uku na bayanan ƙirƙira da ka rubuta da hannu. Fayil mai layi dubu ɗaya, zagaye shida ya sauko ƙasa da talatin. Sau da yawa kafin ya kai nan shi da kansa ya ga inda ya karkace.

Hoton allo kuma a ƙi shi cikin ladabi, amma a faɗi dalili. Ba a iya kwafe rubutun hoto a nema, ba a iya liƙa shi a gwada, kuma kusan kullum an yanke layin da ake buƙata. A Python layin ƙarshe na saƙon kuskure shi ne ke faɗin nau'in matsalar, shi kuwa mai ɗaukar hoto saman yakan ɗauka. Haka nan liƙa kod kai tsaye a manhajar hira yana lalata shi: filayen farkon layi suna iya zubewa, wanda a Python shi ne tsarin kod ɗin, kuma madannin waya yana sauya alamar zance madaidaiciya zuwa lanƙwasasshiya. A sa shi tsakanin alamar ``` uku-uku, ko a ɗora a Gist, shafin GitHub na liƙa gutsuren kod.

Hajjo_py
Sigar ma ba ado ba ce. Misali wanda ba ya ƙarewa: “Na girka laburaren amma yana cewa `ModuleNotFoundError`.” Galibi Python biyu ne a kwamfutar, `pip` ya girka wa ɗaya, shi kuma yana gudanar da ɗayan. Ka nemi ya turo abin da `python --version` da `python -m pip --version` suka nuna, sannan ya girka da `python -m pip install`. Tambaya biyu sun kashe maganar, ba tare da ka ga kod ɗinsa ba.

Malam_Linux
Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me kake son cim ma daga ƙarshe? Domin mutum yakan zo da maganin da ya zaɓa wa kansa, ya ɓoye ciwon. Zai ce “yaya ake sa `verify=False` a requests?” In ka ba shi, ka koya masa kashe binciken takardar shaidar saba, kuma haka zai kai shi har manhajar da jama'a za su yi amfani da ita. Ka tambaya, sai ka ga agogon kwamfutarsa ne ya koma baya, ko jerin takardun shaidarsa ne ya tsufa. Haka `chmod 777`, wato buɗe fayil ga kowa: matsalar ita ce mai fayil ɗin ba shi ne asusun da saba ke gudana da shi ba, `chown` ake buƙata. Amsa tambayar yadda ta zo ba kullum ne taimako ba.

Garba_saba
Nawa ɓangaren shi ne abin da baƙon ke miƙo maka don ya sauƙaƙa maka aiki. Zai ce ga kalmar sirrin saba, shiga ka gyara. Ko ga lambar AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Kada ka karɓa. Ba ka san ko sabar tasa ce ba, kuma shiga na'urar wani ba da izinin mai ita ba laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa. Adireshin intanet ɗinka ne zai zauna a rajistar shiga. Ko tasa ce, duk abin da ya lalace daga ranar, kai za a fara tunawa. In ya riga ya liƙo fayil ɗin `.env` mai ɗauke da sirrukan manhaja ko makullin API, wato lambar sirrin shiga wata hidima, a saƙo, abu na farko da za ka ce masa shi ne ya soke makullin ya fitar da sabo, yanzu, kafin a yi maganar kuskuren. Goge saƙon ba ya wadatarwa. In a GitHub ya ɗora, goge fayil ɗin da sabon kwamit, wato sabon canjin da aka ajiye a Git, ma ba ya cire shi daga tarihi, kuma akwai manhajojin da aikinsu ke nan, sintiri a ma'ajiyoyin fili suna tsintar makullai.

Haka bayanan mutane. In ya turo kwafin rumbun bayanai mai sunaye da lambobin waya na kwastomomin wurin aikinsa, kada ka buɗe, ka ce masa ya ƙirƙiri layi biyar na bogi.

Binta_dev
Ba ku taɓo aikin makaranta ba, kuma shi ne kaso mai yawa. Ana gane shi: tambayar a tsare take kamar daga takarda aka kwafo, babu kod ko layi ɗaya, kuma “gobe ake karɓa”. A ganina ba a rubuta wa ɗalibi amsa, amma ba a kore shi ba. Ka ce ya rubuta matakan da Hausa ko Turanci tukuna, ba kod ba, sannan ya mayar da matakin farko kaɗai zuwa kod ya nuna. Mai son koyo zai dawo da layi huɗu karkatattu, wannan a tsaya masa. Mai son a yi masa ba zai dawo ba.

sabon_shiga
Yaya Binta, yanzu ai wanda aka ƙi sai ya tafi wurin ChatGPT ya karɓo amsar.

Binta_dev
Ya tafi, ba kai ka hana shi ba kuma ba kai ka yi masa ba. Amma wannan ya kawo sabon nau'in saƙo: mutum ya turo layi ɗari uku da na'ura ta rubuta masa, ya ce ba ya aiki, kuma bai san aikin ko layi ɗaya ba. Nan ka tambaye shi ya bayyana aikin wani yanki guda da bakinsa. In ya kasa, gyaranka ba zai zauna ba, gobe zai sa na'urar ta sake rubutawa a kansa. A duba kuma ko laburaren da aikin da aka kira suna wanzuwa da gaske, domin waɗannan na'urori suna ƙirƙiro suna mai kama da gaskiya. Wannan kamannin ne ya sa Stack Overflow ya hana amsoshin ChatGPT a Disamban 2022.

mai_riƙon_laburare
Ga masu riƙe da manhajar da kowa ke iya ɗauka, lamarin ya fi nauyi, domin mutane suna ɗaukar kyautar kod a matsayin alƙawarin hidima. Lasisin MIT a fili ya ce an ba da manhajar yadda take, babu lamuni. Daniel Stenberg, mai curl, manhajar aikawa da karɓar bayanai ta intanet, ya sha ba da labarin masu motoci da ke aiko masa imel kan matsalar allon motarsu, saboda adireshinsa yana cikin rubutun lasisin da motar ke nunawa. A Janairun 2022, bayan an gano raunin tsaro a Log4j, wani laburaren Java, wani babban kamfani ya aiko masa da jerin tambayoyi yana neman amsa cikin awa 24, alhali curl da yaren C aka rubuta shi, ba ruwansa da Log4j. Ya amsa cewa zai ba da amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi. Amsa ce gajera, babu zagi, kuma ta mayar da maganar mazauninta.

Kayan aikin suna nan a GitHub. Fayil ɗin `SUPPORT.md` ya faɗi inda ake tambaya. A `.github/ISSUE_TEMPLATE` a yi fom mai guraben dole na siga, tsarin kwamfuta da matakan maimaita kuskuren, a sa `blank_issues_enabled: false` a `config.yml` don kada a tsallake fom ɗin. Tambayoyin “yaya ake yi” su tafi Discussions. In an yi maka rubdugu akwai taƙaita hulɗa na wucin gadi, daga awa 24 har wata 6.

dan_kernel
Tunda an zo nan, a tuna da xz, manhajar matse fayiloli. A 2022 wasu asusu da ba a san su ba suka dinga matsa wa mai riƙon aikin, Lasse Collin, cewa aiki ya tsaya, ya ba wani dama. Wanda ya samu damar shi ne asusun Jia Tan, wanda ya daɗe yana ba da gudummawa kamar mutumin kirki, daga baya ya dasa ƙofar baya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya bankaɗo ta ranar 29 ga Maris 2024, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH tana ƙarin jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Kafin nan, a 2018, mai ƙunshin event-stream na npm ya miƙa shi ga baƙon da ya nemi ya karɓi riƙo, baƙon ya cusa kod da ke farautar jakar kuɗin kirifto ta Copay.

Hajjo_py
Malam, wannan ai baƙon da ya zo ba da taimako ne, mu kuwa mai neman taimako muke magana.

dan_kernel
Gaskiya ne, amma makamin ɗaya ne: a sa ka ji kana da laifi don ba ka amsa da wuri ba. Mutumin da ya gaji kuma yake jin nauyi shi ke danna “na amince” ba tare da ya karanta ba. Duk saƙon da ya zo da “da gaggawa” daga wanda ba ka sani ba, gaggawar kanta dalili ce na rage sauri.

Ummi_QA
Akwai wuri ɗaya da ƙa'idar mai_kwamit take juyewa, kada a manta. In baƙo ya ce ya gano raunin tsaro a manhajarka, wannan kam ba a ce masa ya kai fili. A sa `SECURITY.md` mai faɗin inda ake aikowa, ko a kunna hanyar rahoton sirri ta GitHub. Sai dai ko nan rubutu za a nema da matakai, ba fayil ɗin da za a danna ba.

Zee.js
Ga masu mamakin inda aka samo imel ɗinsu: kowane kwamit yana ɗauke da adireshin da ke `git config user.email`. Ƙara `.patch` a ƙarshen mahaɗin kwamit a GitHub ya isa a gan shi. A saitin imel na GitHub a kunna ɓoye adireshi, a ɗauki na `users.noreply.github.com` da suke bayarwa a sa a Git, a kunna toshe turawar da za ta fallasa na ainihi. Tsofaffin kwamit dai suna nan da tsohon adireshin.

Malam_Linux
Ni dai ban yarda da rufe ƙofa gaba ɗaya ba, mai_kwamit. In mutum ya zo da tambaya tsararriya, ga saƙon kuskure a rubuce, ga abin da ya gwada, kuma amsar layi biyu ce, tura shi wani wuri ya fi amsawar cin lokaci. Ka amsa, ka ƙara da cewa ta gaba a zaure. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne minti goma sha biyar da amsa biyu. In bayan nan ba a gama ba, ko dai tambayar ta cancanci idanu da yawa, ko kuma ta tashi daga tambaya ta zama aiki.

Binta_dev
Wannan iyakar tana da alama bayyananniya. “Me ya sa wannan layin ke ba da kuskure” tambaya ce. “Ƙara min shafin biyan kuɗi” aiki ne. In ta zama aiki a faɗa tun da wuri, kafin a taɓa kod: me za a yi, me ba ya ciki, yaushe, nawa, gyara sau nawa bayan miƙawa, duk a rubuce. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a fara kyauta a kawo maganar kuɗi a tsakiya.

Hajjo_py
Malam_Linux, matsalar amsa ta farko ita ce tana koya wa mutum cewa ƙofar nan a buɗe take. Layi biyun yau shi ke jawo zip ɗin jibi. Shi ya sa na fi son ko amsar gajera ce a ce ya rubuta a zaure, a amsa masa can cikin minti ɗaya.

Malam_Linux
In ya dawo da zip sai ya samu amsarki ta ajiye, Malama. Ban ga dalilin hukunta tambaya mai kyau saboda mummunar da ba ta zo ba tukuna.

mai_kwamit
Allah Ya saka da alheri. Batun zip, kalmar sirri da AnyDesk ban ga mai ja ba. Tsakanin Malama Hajjo da Malam_Linux ne har yanzu ban tsaya ba. Sai kuma wanda ba a taɓa ba: mai “Salam” ya yi shiru, da wanda aka ba amsar ajiye ya ci gaba da turo “?” kowace safiya.

Ummi_QA
Na farko a amsa sallamar a haɗa da “rubuto tambayar gaba ɗaya a saƙo ɗaya, zan gani in na duba”, kada a tsaya gaishe-gaishe sau biyar. Na biyu a maimaita masa amsar sau ɗaya tak, da mahaɗin zauren, sannan a kashe sanarwar hirar. Toshewa a bar ta ga wanda ya koma zagi ko ya bi ka wata manhajar.

sabon_shiga
Yaya Ummi, in an goge rabin kod ɗin sai wani kuskure daban ya fito, ba na farkon ba, ana ci gaba ne ko ana dawowa?

Ummi_QA
Ana dawowa. Ka goge abin da sauran ke dogara da shi ke nan. Ka mayar da shi, ka maye gurbin aikin da ka cire da wanda ke dawo da ƙima tsayayya, kamar `return 5`, sannan ka sake gudanarwa ka tabbata saƙon kuskuren na farko ne harafi da harafi.